Yaran da Maɗaurina Ya Zubar a Hanyar Gangara

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso kusa da fanka. Kai mai jar hula, na ji abin da ka raɗa wa abokinka a bakin ƙofa, wai aikin nan ai kwafe ne da mannawa, mutum ya ɗauko abin da wani ya rubuta ya liƙa a nasa, shi ke nan ya zama injiniya. To madalla! Ni shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina wannan kwafe da mannawa tsakanin Isa da Sabon Birni, furfura ta cinye mini gemu, har yau ban gama koyo ba. Tunda kun ce sana'a kuka zo nema a shagona, za ni fara muku da abin da kowa ke rainawa, wato ɗauri.

Idan ma'aikaciyar lafiya ta zauna a wani gida a Gangara ta rubuta sunan yaro da watanninsa da sunan uwarsa a waya, kada ku ɗauka bayanin nan tashi yake yi haka nan ya faɗa babbar kwamfutar da ke Sakkwato. Sai an tattara shi, an jera shi, an matse shi ya zama ɗan ƙunshi guda wanda zai iya bin sabis, a can kuma a kwance shi ya koma yadda yake. Ɗan guntun manhajar da ke wannan aiki shi ake kira siriyalaiza. Mu a nan maɗauri muke ce masa, don duk wanda ya taɓa ganin ɗan kabu-kabu yana ɗaure buhu biyu da akuya a bayan babur zai kama hanyar Bafarawa, ya riga ya san rabin karatun. Tarin maɗauran da muka rubuta da hannunmu kuwa, wanda muke ɗiba a ciki duk lokacin da sabon aiki ya zo, masu boko suna ce masa laburare, mu muna ce masa rumbu. Akwai maɗauran da ke zuwa daga waje kyauta, kuma wallahi masu kyau ne, sai dai waɗanda suka rubuta su sun ɗauka ko'ina sabis a cike yake, kuma kowane mutum ya san ranar da aka haife shi. Shi ya sa muke da namu.

Aikin farko da maigidana Malam Nomau ya ba ni, Allah shi jiƙan shi, babu kwamfuta a cikinsa ko kaɗan. Shi ya yi shekaru yana aikin kwamfuta a Sakkwato, ya dawo Isa ya buɗe shagon buga takardu, ni kuma na shiga wurinsa ina buga wa mutane katin biki da takardar neman aiki. Da ya ga na cika leƙen abin da yake yi, sai ya miƙo mini takarda da biro, ya ce in shigar masa da bayanin manomi guda, sunansa da ƙauyensa da abin da ya shuka da abin da ya girbe, cikin saƙon tes ɗaya tak, kada ya haura. Na yi ta yanke-yanke har ya shiga, na kai masa ina washe baki. Ya ninke takardar ya jefa aljihu. Bayan mako biyu ya fiddo ta ya ce, “To, kwance mani.” Na zuba wa rubutun hannuna ido, na kasa gane ko wata lamba da na sa damen gero ce ko shekarun mutumin. Ya ƙwanƙwashe ni da biro a ka.

“Ɗauri ba shi da wuya, kowane sakarai ya iya shi,” in ji shi. “Abin da kaɗ ɗaure, kwance shi ka gani in ya komo yadda kas sa shi.”

Ya kuma dasa mini wasu abubuwa biyu da a lokacin na ɗauka fitinar tsufa ce. Kowane ƙunshi a sa masa lamba a bakinsa, don mai kwancewa ya san wane maɗauri ne ya ɗaure shi. Kuma ko an aika bayani ya isa lafiya, kada a goge asalinsa daga wayar da aka rubuta shi. Na sha yi masa gardama a kan na biyun, ina cewa yana cika wa mutane waya a banza. Shi kuwa biron kawai yake ɗagawa.

Manoman wajen Alkalawa ne suka sa na rubuta maɗaurin awo. Ƙungiya gare su mai adana irin gero na gida, suna son sanin wace gona ce irin ya fi karɓa. Maɗaurin waje ya ce shi kilo kawai ya sani, ni kuma da rawar kaina na auna dame guda na mayar da kowane dame kilo. Da na karanta musu sakamakon, shugabansu, wani dattijo mai dogon gemu, ya tsayar da ni ya ce, “Damen wa ka auna, nawa ko na ƙanena? Shi ƙanena har ga ɗaurin dame rowa gare shi.” Aka kwashe da dariya, ƙanen yana zaune a wurin yana rantsuwa. Na koma na rubuta maɗaurin da ke ɗaukar lamba tare da ma'aunin da mai magana ya faɗa da bakinsa, dame ne ko tiya ko buhu, ya kai su can yadda suke. Haka na kwanan wata ya samu. In mace ta ce ta haihu bayan Sallar layya da kwana kaɗan, maɗaurinmu yana ɗaukar maganarta ɗungurungum, sannan ya ɗora kintacen watan Bature a gefe. Na lambar waya kuwa wani falke mai kai kaya Nijar ne ya jawo shi, don rabin abokan cinikinsa lambobinsu na tsallake ne. A haka rumbun ya taru, ɗaya bayan ɗaya, kowane da wanda ya jawo shi.

Shekarar da aka rufe mana sabis saboda rashin zaman lafiya, ba za ni daɗe a kanta ba, kowannenku ya san abin da gidansu ya gani. A lokacin ina riƙe da rijistar marasa lafiya ta wani ƙaramin asibiti, wadda dole a tura Sakkwato duk mako kafin a aiko da magani. Sai mu kwashi wayoyin a jaka mu nufi bakin iyaka, mu sa layin Nijar, mu hau wani tudu, mu ɗaure waya a kan gora mu ɗaga sama kamar masu kaɗar mangwaro. Sabis ɗin ya leƙo ya ɓace, wurin kuma ba wurin da mutum zai so ya jima ba ne. Kowane harafi a cikin ƙunshi ya zama kaya. Nan na zauna na rubuta maɗauri na huɗu, na matse shi iyakar matsewa. Duk gurbin da ba a cika ba, ya bar shi a gida. Na kuma lura wayoyin suna buɗe fom da kansu a cikin aljihu, su haifar da layuka marasa suna, sai na ce ai babba ba ya zuwa asibiti ya ƙi faɗin sunansa, saboda haka duk layin da ba shi da suna shara ne, a zubar. Ya yi aiki, jama'a! Abin da ke tsayar da mu a kan tudun nan har ƙafa ta yi sanyi ya koma kafin ka gama gyara hula ya wuce. Na ji kaina ya yi girma. Na jefa shi rumbu, na rubuta a samansa “na huɗu, mai sauri”, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

To ga inda labarin yake. Bayan sabis ya dawo, wata ƙungiyar lafiya ta ba ni aikin rijistar yara ƙanana, waɗanda ake bi gida-gida da damina ana ba su maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Tsarin a fili yake. Mata ma'aikata su zaga da wayoyi kafin ruwa ya sauka su rubuta kowane yaro, a rufe rijista a Sakkwato, a ƙirga magani daidai yawan yaran da ke takarda, a loda a mota a kawo tun hanya ba ta yanke ba. Yaron da ba ya takarda ba shi da ƙunshin magani, iyakarta ke nan. Ni kuma da na ji an ce ƙauyuka masu raunin sabis, ban yi wata-wata ba na zura hannu rumbu na ɗauko na huɗu. Na gwada shi yadda Malam Nomau ya koya mini, na ƙirƙiro yara hamsin da kaina, na raɗa musu sunaye masu daɗi, su Aliyu da Nana da Bashiru, na ɗaure na kwance, hamsin suka fito cif.

Ana cikin zagaye shugabar matan, Malama Saratu, mace mai kaifin baki da ba ta ɗaukar wargi a kan aiki, ta biyo ta shagon nan ta ce, “Injiniya, fom ɗinka ba ya wucewa sai an sa sunan yaro. Ka sake mana shi, yana tsai da mu.” Na sake mata nan take. Ban tambaye ta dalili ba, don a ganina na riga na sani. Na ce a raina jarirai ne da ba a yi sunansu ba, yaron da bai kai kwana bakwai ba kuwa ai maganin bai shafe shi ba, sai ya yi wata uku. Ko na huɗu ya zubar da su, ba a yi asarar komai ba. Kun ji yadda mai ilimi ke yi wa kansa huɗuba ya kuma ce amin.

Saura kwana uku a rufe rijista, da hantsi, babur ya tsaya a ƙofar nan. Malama Saratu ta sauko, bayanta wata tsohuwa 'yar firit da sanda. Goggo Tumba ke nan, ungozomar Gangara, wadda rabin ƙauyen a hannunta suka faɗo duniya. Ba ta jira an ba ta kujera ba ta ja wannan da kake kai, mai jar hula, ta zauna.

“Kai na mai kwamfuta?”

“Ni ne, Goggo. Sannu da hanya.”

“Hanya lahiya lau. Ɗiyana nika biɗa. An karanta mani takardarka jiya, gida-gida, na saurara da kunnena. Akwai saura.”

Na yi murmushin nan na wanda ya san abin da tsohuwa ba ta sani ba, na ce ta faɗo su. Ta fara lissafi da yatsu, ba da sunan yaran ba, da sunan iyayensu mata: na wajen Hajara, ta wajen Ige, na wajen Balki matar maƙeri, har ta kai goma sha ɗaya. Na bincika abin da ya isa Sakkwato ɗaya bayan ɗaya. Babu ko guda. Sai na juya na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya, na ce, “Malama, da alama matanki ba su shiga gidajen nan ba.”

Kai! Da na sani da na haɗiye. Malama Saratu ta zare ido ta ce, “Matana? Matan da ke tafiya a ƙasa cikin ranar nan kai kana zaune ƙarƙashin fanka?” Ta fiddo waya daga jaka ta dangwara mini a tebur. “Gidan Hajara ni da kaina na shiga. Duba!”

Na duba, ga layin Hajara nan daram, da unguwa da sunan maigida da komai. Na jona wayar da kwamfuta, na ɗaure abin da ke cikinta da na huɗu, na kwance a gabansu. Arba'in suka shiga, talatin da bakwai suka fito. Na ware ukun da suka ɓace, na ga duk gurbin sunansu fayau. Sai na sami ƙarfin gwiwa na ce, “Yauwa, ai ga shi nan. Jarirai ne, ba a yi suna ba, maganin ma bai kai kansu ba.”

“Jariri?” in ji Goggo Tumba. “Na wajen Hajara? Wanda shekaranjiya yab bi mani kaji da kara har cikin ɗaki?”

Malama Saratu ta sa yatsa a kan gurbin da ke gaba da na suna, inda aka rubuta wata ashirin da biyu ƙuru-ƙuru. Tsohuwar ta jingina da sandarta tana kallona kamar ta ga wani sabon abu a kasuwa.

“Dut ɗiyan fari na,” ta ce. “Kai ɗan ina na?”

Na ce ƙauyenmu yana gab da Alkalawa.

“Kai na babba ga uwarka?”

“Ni ne.”

“To mi taka ce maka in tana kiranka?”

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Da ƙyar na ce, “Yayan Hassi.” Hassi ƙanwata ce mai bi mini. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, ko sau ɗaya. Goggo Tumba ta tuntsire da dariya har sandar ta faɗi, Malama Saratu ma da ta shigo da fushi sai da ta dafa bango.

Ku yaran yanzu wasunku iyayenku mata suna kiran sunanku gatsau ko kun kasance na fari, ba laifi, zamani ne. Amma har gobe a ƙauyukanmu akwai macen da ko za ka kwana kana tambaya ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba, don alkunya. Sai ta sunkuyar da kai ta yi dariya ta ce a tambayi wani. Lokacin kuma na sharar gona ne, maza duk suna daji, sau da yawa ma'aikaciya ta tarar da yarinyar mace ita kaɗai da ɗanta. Su ma'aikatan mata ne, sun san abin, ba za su tsaya suna matsa wa 'yar mutane ba. Sai su cika komai su bar gurbin suna, su wuce gida na gaba. Abin da ya sa Malama Saratu ta ce in saki fom ɗin ke nan. Kowa a ƙasar nan ya san haka, har da ni da aka yi wa abin shekara hamsin, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na manta daga gidan da na fito.

Dariyar ba ta jima a bakina ba, tsoro ya kama ni. Goggo Tumba Gangara kawai ta sani. Na huɗu kuwa yana cikin kowace waya, daga ƙauyukan Sabon Birni har na Isa. Ko'ina ya bi ya tsince 'ya'yan fari ya zubar, kuma su ne yaran da iyayensu mata ba su taɓa renon zazzaɓin damina ba. In aka rufe rijista a haka, motar za ta zo babu rabonsu.

Na ce bari in mayar da gurbin suna dole, a sake zagaye. Malama Saratu ta ce, “A kwana uku? Kuma in ka tilasta, matana za su ƙirƙiro suna su sa don fom ya wuce, ranar rabo a tsaya ƙofar gida ana kiran sunan da babu mai amsawa.” Gaskiyarta. Gyaran ba a bakin matan Gangara yake ba, a rumbuna yake. Na zauna a wannan teburin na rubuta maɗauri na biyar. Na koya masa cewa rashin suna iri-iri ne: akwai fom ɗin da ya buɗe kansa a aljihu, wanda babu komai a cikinsa ko ta ina, akwai jaririn da ba a raɗa wa suna ba, akwai kuma yaron da ke da sunansa sarai uwarsa ce ba ta faɗa. Na farkon kawai zai zubar. Na ƙara gurbin laƙabi, na sa lamba biyar a bakin ƙunshin don mai kwancewa a Sakkwato ya bambanta shi da na huɗu. Da na tuna asalin kowane layi yana nan kwance a wayoyin ba a goge ba, sai da na ɗaga hannu na yi wa Malam Nomau addu'a da ƙarfi, har mai shagon kusa ya leƙo.

Saura jami'in da ke riƙe da rijistar a Sakkwato. Na kira shi na yi masa bayani tiryan-tiryan, ban ɓoye cewa laifina ne ba. Ya ce, “Injiniya, takardar rabo ba ta fita babu suna.” Na ce to ta fita da abin da mutanen garin ke kiran yaron, a buga “ɗan farin Hajara, gidan wane”, ai ko makaho ya san gidan. Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Ashe shi ma na fari ne. Ya ce in turo, amma ranar rufewa ba za ta matsa ko da awa ɗaya ba, don motar an riga an yi mata rana.

Sabon maɗaurin sai an sa shi a kowace waya, sabis ɗin ƙauye kuma ba zai ɗauki nauyinsa ba, sai da igiyar caji. Malama Saratu ta baza saƙo ta bakin 'yan kabu-kabu. Matan ɓangaren Sabon Birni suka kawo nasu shagon nan washegari. Na ɓangaren Isa kuwa Allah ya taimake ni ranar ƙarshe ta faɗo ranar kasuwar Bafarawa, na ɗauki kwamfuta da batir na je na roƙi gefen rumfar mai cajin waya na baje. Matan suna zuwa ɗaya-ɗaya, kowace ta miƙo waya sai ta ce, “Sannu, yayan Hassi,” don Malama Saratu ba ta bar kowa bai ji labarin ba. Ina jonawa, ina ɗaurewa, ina kwancewa, ina ƙirgawa, in abin da ya shiga ya yi daidai da abin da ya fito sannan in tura. Kowane yaro yana da lambarsa tun ranar da aka rubuta shi, saboda haka wanda ya riga ya isa ba zai shiga sau biyu ba. Waya ɗaya ta rage, ta wata ma'aikaciya da ƙafarta ta kumbura ba ta iya zuwa ba. Azahar ta wuce, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ni kuma ina ta leƙen hanya. Ana kiran la'asar sai ga wani mai albasa yana tambayar ina mai kwamfuta, ya kwance bakin buhu ya zaro wayar a naɗe cikin ɗankwali. Yara biyar na fari ne a cikinta. Har yau in na ji warin albasa sai na tuna da su.

Da sabuwar takardar ta fito na kai ta Gangara da kaina. Malama Saratu ta karanta gida-gida, Goggo Tumba tana zaune a tabarma ido rufe, tana lanƙwasa yatsa duk lokacin da aka zo kan ɗaya daga cikin nata. Da aka kai ƙarshe ta buɗe ido ta ce, “To, yanzu sun cika.” Ta ɓare goro ta ba ni rabi, ta ce in na tafi gida in gaishe mata da uwar Hassi.

Na kuwa je, ranar wata Juma'a bayan an yi rabon farko, ruwa ya sauka gero ya tsiro. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na ba ta labarin tun daga tudun bakin iyaka har buhun albasa, ta yi dariya har tana share ido da bakin zane, ta ce, “Bokon ga dut bai gaya maka wanga ba?” Sai tsokana ta taso mini, na fiddo waya na buɗe sabon fom na ce, “Inna, za ni gwada shi a kanki. Mene ne sunan ɗanki na fari?”

Tsohuwa mai jikoki fiye da ashirin, sai ga ta ta ja mayafi ta rufe baki, ta ɗebo ɓawon gyaɗa ta watsa mini. “Ji mani marar kunya! Rubuta yayan Hassi.”

Na rubuta a gurbin laƙabi. Na ce, “An haife shi yaushe?” Ina jiran ta ce oho, an daɗe. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, “Ranar Talata, sha biyu ga watan azumin tsofaffi, bayan la'asar. An yi ruwa da sahe ya ɗauke, gero ya hwara hidda kai. Bai yi kuka da wuri ba sai da anka yayyafa mashi ruwa.” Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ba ta dube ni ba. Na ce, “Hassi fa?” Ta ce, “Hassi? Bayanshi da damina biyu, ko uku, wa ya riƙe.” Na kau da kai na yi kamar ina duba sabis, don idona ya cika, kuma ba na so ta gani.

Layin nan na ajiye shi yadda ta faɗe shi, ban taɓa ko harafi ba, shi ne gwaji na farko a rumbunmu. Na huɗu ma yana nan ban jefar ba, sai dai yanzu a samansa an rubuta shekarar da aka yi shi, da wanda aka yi dominsa, da abin da yake zubarwa. To mai jar hula, ga kwamfuta, tunda ka ce abin kwafe ne da mannawa. Rubuta mini maɗaurinka. Kada ka nuna mini saurinsa tukuna, ka fara ɗaure yayan Hassi ka kwance. In ya fito da Talatarsa da ruwan safensa, gobe ka zo da wuri. In kuwa ka zubar mini da shi a hanya, ba ni za ka yi wa bayani ba, a babur za ni ɗauke ka har Alkalawa ka faɗa wa tsohuwar da bakinka.